Hoton MRI da Auna Tsananin Sankarar Mafitsara

A ƙarƙashin mafitsarar kowane ɗa namiji akwai wata 'yar tsoka mai girman goro da ta kewaye hanyar fitsari, wadda likitoci ke kira furostet, mu kuwa da yake ba mu raɗa mata suna ba, sai muka jingina cutarta ga maƙwabciyarta, muna cewa sankarar mafitsara. Ita wannan sankara, wadda ta fi kowace yawa ga mazan Nijeriya, ɗabi'arta iri biyu ce: wata tafiyar hawainiya take yi har mutum ya cika kwanakinsa bai san da zamanta ba, wata kuwa kafin a farga ta ratsa ƙashin baya da na ƙugu. Saboda haka babbar mas'ala gun likita ita ce tantance mai lafawa daga mai ta'adi.

A da, idan gwajin jini na PSA ya hau, allura ake sokawa ta dubura sau goma ko goma sha biyu, a tsakuro tsoka bisa kirdado, ko a dace ko a kuskure. Yanzu kuwa sai a fara da hoto: mutum ya tuɓe agogo da zobe da duk wani ƙarfe, ya kwanta cikin na'urar maganaɗisu ta MRI wajen rabin sa'a tana bugawa kamar ana daka, sa'an nan masanin hoto ya ba wurin da ake tuhuma daraja daga 1 zuwa 5, bisa ƙa'idar PI-RADS da aka kafa a 2012. Mai 1 ko 2 galibi akan ɗauke masa allura a ci gaba da lura, mai 4 ko 5 kuwa allurar kai tsaye take nufar inda hoto ya nuna. Wani bincike na 2018 kan maza 500 ya nuna cewa 28 cikin ɗari na waɗanda aka fara yi wa hoto sun tsira daga allura, alhali an gano muguwar sankara ga 38 cikin ɗari, tsohuwar hanya kuwa 26.

Sai dai fa hoto zato ne mai rinjaye, yakan kuma yi kuskure. Yaƙini ba ya samuwa sai an duba tsokar a madubin likita, an auna ta da ma'aunin da Donald Gleason na Amurka ya tsara a 1966.

Na'urar MRI tana da tsada, a manyan asibitoci take. Duk da haka, ya kai mai karatu, in ka kai shekara 50, ko 45 idan mahaifinka ko ɗan'uwanka ya yi wannan cuta, ka je a gwada jininka, in kuwa aka ambaci allura, ka tambayi likita ko da halin a fara yin hoto.