Wa Ya San Ka Kafin Ka Zo Abuja?

Ranar 20 ga Fabrairu, 2025, otal ɗin Transcorp Hilton da ke Maitama ya cika maƙil. Ga Shugaba Bola Tinubu, ga Yakubu Gowon, ga Olusegun Obasanjo da Goodluck Jonathan, duk sun hallara domin ƙaddamar da A Journey in Service, littafin tarihin rayuwar Janar Ibrahim Babangida. Washegari jaridu suka tafi da maganar zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda mai littafin ya amsa cewa Abiola ne ya lashe shi. Sai dai a cikin manyan baƙin akwai wanda ba sai ya karanta babukan ƙuruciya ba, domin da shi aka yi ta: Janar Abdulsalami Abubakar, ɗan Minna, abokin karatun Babangida a sakandaren Bida daga 1957 zuwa 1962.

Ajin nan na Bida abin mamaki ne. Ya fitar da shugabannin ƙasa biyu, ya kuma fitar da ministocin Abuja biyu, Mamman Vatsa da Gado Nasko. Nasko ne ke kan kujera ranar 12 ga Disamba, 1991, da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas. Vatsa kuwa bai ga ranar ba. Soja ne kuma marubucin waƙoƙi, shi ya ba ƙungiyar marubuta ta ANA filin da ke Mpape wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. An zarge shi da shirya juyin mulki, aka harbe shi ranar 5 ga Maris, 1986, a zamanin mulkin abokinsa na ƙuruciya. Babangida ya ba da nasa bayanin a littafin, dangin Vatsa suka fito suka ce ba su yarda ba. Labarin da mutum ya yi tarayya da aboki a kai ba mallakarsa ba ne shi kaɗai, ko da kuwa abokin ya riga mu gidan gaskiya.

Babu garin da wannan lamari ya fi nauyi a cikinsa kamar Abuja. Dokar soja ta 6 ta 1976 ce ta kafa birnin, a zamanin Murtala Muhammed, har sunan ma aro aka yi daga garin da yanzu ake kira Suleja. Ma'aikacin da ya haura hamsin a sakatariyar tarayya kusan tabbas wani gari aka yanke masa cibiya. Maƙwabcinsa a Gwarinpa ya san motarsa, ya san muƙaminsa. Bai san sunan kakarsa ba, bai san shekarar da mahaifinsa ya sayar da gona ya biya masa kuɗin jarrabawa ba. Wanda ya san waɗannan yana Funtua ko Azare, ko kuma yana can Kubwa, tafiyar rabin awa, amma an shekara ba a haɗu ba.

Shi ya sa ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suka yi ƙarfi a nan. Uwarsu a Arewa ita ce BOBA ta Kwalejin Barewa, makarantar da aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta kuma yaye Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru 'Yar'aduwa. Masu suka na cewa irin waɗannan ƙungiyoyi hanyar neman kwangila da muƙami ce kawai, kuma ba duka maganar ce ƙarya ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a taron 'yan aji ɗaya ya san ba da kwangila ake buɗe hira ba. Da laƙabi ake buɗewa. Babban sakatare mai furfura, wanda ofis guda ke miƙewa idan ya shigo, sai ka ji an kira shi da sunan da ya samo saboda satar ƙanzo a kicin ɗin makaranta, ya kuma amsa yana dariya har da hawaye.

Mata sun riga maza tsara wannan harka. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta yi dogon bayani kan ƙawaye da yadda ake ƙulla ƙawance da biki, kowace ta san abin da aka kawo mata da abin da za ta mayar. Ƙawancen bai mutu ba. Ya koma adashi da anko da saƙon banki, hirar tsakar gida kuma ta koma saƙon murya.

Kafin wayar GSM ta shigo a 2001, wasiƙa ce, ko saƙon baki ta hannun direban tasha, ko katin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda mutum zai jera sunayen abokai a gaishe su duniya na ji. Yau kowane aji na da zaurensa a WhatsApp, daga firamare har sansanin masu yi wa ƙasa hidima. A nan ne kuma matsalar take. Yawancin zaurukan cike suke da barka da Juma'a, bidiyon siyasa da maganin gargajiya da aka turo daga wani wuri. Mutum ɗari na ciki, babu wanda ya san ɗayansu ya rasa aiki tun bara. Sai ranar da wani ya yi ta maza ya ce matarsa na kwance a asibiti, ko ya ba da labarin yadda ritaya ta same shi ba gida, sannan zauren ke farfaɗowa, a yi karo-karo, masu shiru su fara fito da nasu.

Fitowar ba ta da sauƙi a garin da ake auna mutum da unguwarsa. Na Asokoro na tsoron kada gaisuwa ta zama roƙo. Na Mararaba, wanda ke fita tun asuba saboda cunkoson Nyanya, na tsoron kada a ɗauka roƙon ya zo yi, sai ya gwammace ya ce lafiya lau. Tsakanin tsoron nan biyu abota da yawa ta bushe ba tare da an yi faɗa ba. Azuzuwan da suka daɗe su ne waɗanda suka raba abubuwan biyu: asusu na taimako daban, da ma'aji da ƙa'ida, hira kuma daban.

Akwai kuma waɗanda ba sa tafiya ko'ina idan Sallah ta zo tituna suka yi fayau. Yaran da aka haifa a shekarar ƙaurar gwamnati daga Legas sun wuce talatin, tsofaffin abokansu 'yan Garki ne da Karu, ko da yake wasu sun watse zuwa Landan da Dubai. Wasunsu a Karmo ko Chika suka tashi, inda rusau na zamanin minista Nasir El-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, ya share layukan da suka yi wasa a ciki. Gbagyi sun riga su ɗanɗana wannan. Mutanen ƙauyen Wuse na asali an kwashe su zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, kuma idan dattawansu suka zauna tuna wanda gonarsa ke iyaka da ta wane, suna maganar unguwar da yau bankuna da shaguna suka cika.