Bayan An Yanke Ƙafa: Yadda Ramewar Tsoka Ke Taɓa Jijiyoyin Jini

Ina cikin shirin fita aikin dare matar kawuna ta kira ni daga ƙauyensu da ke ƙasar Tsanyawa. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "'Yar nan, jikin Kawunki ne. Dungulmin sai ramewa yake, ga sanyi kamar an tsoma shi a randa. Ita kuma ƙafar mai lafiya tun jiya ta kumbura, yana cewa zafi take masa. Mutane dai na cewa da sa hannu."

Sati biyar ke nan da aka yanke wa Kawu ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Faɗuwa ya yi a babur, ya karye, aka yi masa ɗori a gida. Ɗaurin ya yi tsauri har jini ya kasa wucewa, kafin a farga ƙafar ta yi baƙi. Tun da aka sallamo shi yake kwance a ɗaki, abinci a kawo, buta a miƙo, ba a barin sa ya ko motsa saboda tausayi.

Na ce mata, "Inna, kada a matsa ƙafar, kada a gasa ta. A nemi mota a daren nan." Da aka ɗauki hoton ƙafar a Kano, sai aka ga gudan jini ne ya toshe babbar jijiya. Aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini na watanni, Allah ya kiyaye. Da gudan nan ya ɓalle ya tafi huhu, da labarin ya sha bamban.

Na kawo wannan ne don na san a gidajenmu jinya a hannun mata take. Ko miji ne, ko ɗa, ko mahaifi, ke ce za ki fara ganin canji a jikinsa.

Tsoka da jini, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

Jijiyoyin jini iri biyu ne manya. Akwai masu ɗauko jini daga zuciya su kai shi sassan jiki, akwai masu mayar da shi zuciya. Na farko zuciya ce ke tura musu jini da ƙarfinta. Na biyun kuwa, musamman na ƙafa, hawa suke yi da jinin zuwa sama, don haka suna buƙatar mataimaki. Mataimakin shi ne tsokar sha-raɓa. Duk takun da mutum ya yi, tsokar na matse jijiyoyin da ke cikinta, jinin ya haura, wasu 'yan murafu da ke cikin jijiyar su hana shi komawa ƙasa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke kiran sha-raɓa zuciya ta biyu.

Tsoka kuma ita ce babbar mai cinikin jini. Idan mutum yana hutawa, tsokokinsa na karɓar kusan kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke fitarwa. Idan ya kama aiki mai ƙarfi, irin huɗa ko sussuka, abin kan kai kashi 80. Jiki kuwa ba ya asara a banza. Inda ake yawan neman jini, jijiyoyin kan buɗe, ƙananan rassansu su yawaita. Inda aka daina nema, sai su tsuke.

Me ke faruwa bayan tiyata?

Idan aka yanke gaɓa, ragowar tsokokin sun rasa aikin da suka saba. Tsokar da ke ɗaga tafin ƙafa ba ta da sauran abin ɗagawa. Cikin makonni sai ta fara ramewa, wani ɓangarenta kitse ya maye gurbinsa. Jijiyar da ke kawo mata jini sai ta rage faɗi, ƙananan rassan su ragu. Dalilin sanyin dungulmi ke nan, kuma shi ya sa ƙaramin rauni a wurin ke daɗewa bai warke ba.

Ta ɓangaren komawar jini ma haka ne. Famfon sha-raɓa ya tafi ko ya raunana, sai ruwa ya taru, dungulmin ya kumbura, musamman idan ana barin sa yana reto daga bakin gado.

Raguwar girman dungulmi a watannin farko ba abin tsoro ba ne, dole ne ma ya faru kafin a auna ƙafar roba. Abin gudu shi ne ramewar ta bi cinya, ta bi ƙugu, ta tsallaka ƙafa mai lafiya saboda kwanciya. Jinin da ba ya gudu daskarewa yake, kamar yadda kunu ke yin gudaji idan aka daina damawa. Wanda aka yi wa babbar tiyata kuma jininsa ya fi saurin daskarewa. Abin da ya sami Kawu ke nan: tiyata, ga kwanciya, ga rashin motsi.

Illar da ke zuwa a hankali

Akwai kuma matsalar da ba a gani sai bayan shekaru. Tsoka ce ke zuƙe mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci. Idan ta ragu, kuma zirga-zirga ta ragu, sai suga ya riƙa daɗewa a jini, teɓa ta fito, hawan jini ya biyo baya. Su ne ke lalata bangon jijiyoyi a sannu.

An fara lura da haka ne a jikin tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Binciken da aka buga a Amurka a 1980 ya nuna waɗanda aka yanke wa ƙafa sun fi takwarorinsu da suka ji wasu raunukan mutuwa da ciwon zuciya da na jijiyoyin jini, musamman waɗanda yankan ya kai saman gwiwa. A 1989 likitoci a Jamus suka gano cewa kumburin babbar jijiyar jini ta ciki ya fi yawa a tsakanin tsofaffin sojojin da aka yanke wa ƙafa daga cinya. Waɗannan mutane da ƙuruciyarsu da lafiyarsu suka rasa ƙafar, ba wata cuta ce ta ci ta ba.

Idan kuwa ciwon suga ne sanadin yankan, sai a ninka kulawa. Cutar da ta lalata jijiyoyin ƙafa ɗaya tana nan a ɗayar, ga shi yanzu ita kaɗai ke ɗaukar nauyin jiki.

Ga wani abin da ya kamata uwargida ta sani don kada ta zargi majinyaci da son jiki. Tafiya da ƙafar roba ta fi cin ƙarfi. Wanda aka yanke wa ƙasan gwiwa yakan kashe ƙarin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da mai ƙafa biyu ke kashewa, wanda aka yanke wa cinya kuwa ƙarin ya kan haura rabi. Idan ya ce ya gaji, da gaske ya gaji. A bar shi ya huta, amma kada hutun ya zama kwanciyar wuni.

Abin da za ki iya yi a gida

Motsi shi ne magani na farko. Da zarar likita ya ba da izini, a taimaka masa ya tashi ya zauna, ya tsaya da sanduna, ya fito tsakar gida. Ko yana kwance, ya riƙa ɗaga tafin ƙafa mai lafiya sama da ƙasa sau da yawa a yini, ya riƙa ɗaure tsokar cinyar dungulmin yana saki, ya riƙa miƙe gwiwa.

Kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, kada a bar ta a lanƙwashe tsawon lokaci, domin takan sandare a haka, ƙafar roba ta ƙi zama. Kwanciyar rub da ciki ta minti 20 zuwa 30, sau biyu a rana, tana hana ƙugu sandarewa, in dai ba shi da matsalar numfashi.

Naɗin bandeji ki koye shi a wurin nas kafin a sallame ku. A karkace ake naɗa shi ana gicciyewa, ya fi kamawa a ƙarshen dungulmi, ya sassauta yana hawa sama. Idan aka zagaye shi kamar ɗaurin buhu, an maimaita kuskuren ɗori ke nan.

Da hunturu a rufe dungulmin da safa mai tsabta. Kada a kara shi a kaskon wuta, kada a gasa shi da ruwan zafi, domin fatar wurin ba ta jin zafi sosai, sai ya ƙone bai sani ba.

Tsoka ba ta ginuwa da tuwo zalla. Alhamdulillahi, abin da take so muna noma shi: wake, gyaɗa, waken suya. Ga ƙuli-ƙuli, ga awara, ga nono, ga ƙwai da kifi idan da hali, ga zogale. A rage gishiri da dunƙulen miya. Mai shan taba kuwa dole ya bari, don taba tsuke jijiyoyin jini take yi.

Kullum ki duba ƙafa mai lafiya, har tsakanin yatsu da dunduniya. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida, balle gona. A riƙa auna jini da suga a asibitin da ya fi kusa.

Alamomin da ba a kwana da su

A tafi asibiti nan take idan ƙafa ko dungulmi ya kumbura farat ɗaya da zafi da ciwo. Idan numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya soke, ko aka yi tarin jini. Idan fatar ta koma baƙa ko ta fara wari. Ko idan ƙafa mai lafiya ta yi sanyi ƙalau, ta dushe, tana ciwo mai tsanani. Kada a tsaya shafa man zafi ko tausa, tausa na iya ɓalle gudan jinin.

Mutanen Tsanyawa suna kan titin Kano zuwa Katsina ne, ta Bichi ake shiga birni. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, yana da sashen gashi da motsa jiki da kuma inda ake haɗa ƙafar roba da hannun roba. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na san kuɗin mota da na magani ba wasa ba ne a wannan zamani. Shi ya sa nake cewa, duk ranar da aka je, a roƙi mai gashi ya nuna motsin da za a riƙa yi a gida, a ɗauke shi a waya don kada a manta.

Da Kawu ya dawo gida karo na biyu, Inna ta sauya salon jinya. Ta daina kai masa abinci ɗaki, sai ta ajiye a inuwar darbejiya ta ce, "Malam, ga shi can yana jiranka." Da farko fushi ya yi, ya ce an daina tausayinsa. Yanzu da ƙafar robarsa yake zuwa masallaci, bana ma shi ya tsaya a kan masu roron gyaɗarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.