Saiwoyin Sin a Kwanon Kare da Mage

A shekarar 1608 wasu 'yan'uwa biyu a ƙasar Sin, Yu Benyuan da Yu Benheng, suka fitar da littafin da ya zama madogarar masu maganin dabbobi na gargajiya a can. Doki suka fi mayar wa hankali, sai shanu da raƙuma. Kare da mage sun shigo wannan fage ne daga baya, kuma galibin haɗin da ake ba su yau na mutane ne aka rage masa awo. Makarantar Chi, wadda Dokta Huisheng Xie ya kafa a jihar Fulorida ta Amurka a 1998, tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan ilimi tsakanin likitocin dabbobi.

Idan aka kai wa irin wannan likita kare mai yawan zawo, sai ya buɗe bakinsa ya dubi harshe, ya sa yatsu a cikin cinyarsa ya ji bugun jini. Harshe fari-fari mai laima, ga rama ga kasala, a wurinsu alama ce ta raunin saifa, wadda suke ɗauka ita ce uwar narkar da abinci. A nan ake kawo Si Jun Zi Tang, haɗin da ke rubuce tun zamanin daular Song. Abu huɗu ne a ciki: saiwar jinsen, saiwar bai zhu, wani naman kaza mai suna fu ling, da gan cao mai zaƙi. Ana barbaɗa garin a kan abinci. Karen da ya yi wa kwandon shara wawaso cikinsa ya kumbura kuwa, Bao He Wan ake ba shi. In zawon mai wari ne da majina, sai a koma ga huang lian, saiwa mai ɗacin gaske.

Wannan magani yana aiki? An gwada citta a kan karnuka an ga tana rage amai, amma binciken da aka yi wa sauran haɗe-haɗen a jikin kare da mage bai taka kara ya karya ba.

Haɗarinsa kuwa sananne ne. A farkon shekarun 1990, mata da dama a Beljiyam suka rasa ƙodarsu bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka yi kuskuren sa wa wata saiwar Sin mai guba. Ruwan Huo Xiang Zheng Qi, da mutane ke sha don ɓacin ciki, wani nau'insa cike yake da barasa. Mage ta fi ban tausayi, domin hantarta ba ta iya sarrafa abubuwa da yawa da jikin mutum ke sarrafawa. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, tafarnuwa da albasa kuma suna lalata jinin kare da nata.

Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne jinkirin kai dabba asibiti. Ɗan kwikwiyon da ke amai da zawon jini, ƙila cutar fabo ce ta kama shi, wadda ke kashewa cikin 'yan kwanaki in ba a yi masa ƙarin ruwa a asibiti ba. Mage mai ƙiba da ta kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse na iya taruwa a hantarta. Shi ya sa likitocin da suka san aikinsu suke fara gwada kashi da jini, su kuma tabbatar babu tsutsar ciki ko ƙashin da ya toshe hanji, kafin su auna garin ko wace saiwa.