Sojan Roba A Gwanjo, Lambar Kaka A Akwati

Duk wanda ya leƙa tulin kayan wasa na gwanjo a kasuwannin Salaga, Yendi ko Bawku, da wuya ya rasa ganin 'yan sojojin roba. A wurinmu abin yara ne, amma a Amurka da Turai manya ne ke tara su. Kamfanin Hasbro ya fito da G.I. Joe a 1964, mai tsawon kusan santimita 30, Ingila kuma ta biyo da Action Man a 1966. A 2003 an sayar da samfurinsa na farko dala 200,000.

To jama'a, in sojan roba ya kai haka, ina ga kayan sojan gaske? Rundunar Gold Coast da aka kafa a 1879, ta Hausawa ake ce mata, kuma Hausa ce harshen bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu kakanninmu sun gwabza da Japan a Burma cikin runduna ta 81 da ta 82, har suka ƙwace Myohaung a Janairun 1945. Daga nan barikin Burma Camp na Accra ya samo suna.

Yau lambobinsu da hotuna da takardun sallama suna cikin akwatuna a zangunanmu, gara da tsatsa na cin su. Kada mu goge lamba da yashi ko toka, mu naɗe ta a busasshen ƙyalle. Mu tambayi tsofaffi sunan mai ita da garinsu, mu rubuta tun suna raye.