Chanel No. 19: Turaren da ba ya neman fada

A ofisoshin gwamnatin tarayya da ke Abuja, sau da yawa hanci kan riga ido sanin wanda ya shigo. Oud ya cika lif, humra ta kama kujera, mai turaren ya fita amma ƙamshinsa na nan yana halartar taro. Akwai wani jinsin turare da ya saɓa wa wannan ɗabi'a: wanda ya haɗa ƙamshin ɗanyen ganye da na fure da na hoda. Fitacce a cikinsu shi ne Chanel No. 19.

Henri Robert ne ya haɗa shi a 1970 domin Gabrielle Chanel, wadda aka fi sani da Coco, tana da shekara 87. Lambar 19 ranar haihuwarta ce, 19 ga Agusta, 1883. Ba ta daɗe da shi ba, domin ta rasu a birnin Paris a watan Janairun 1971. Tsohuwar ta yi suna wajen kaifin harshe da ƙin sassauci, kuma ana jin hakan a cikin kwalbar.

Abin da ke fara bugun hanci shi ne galbanum, wani ƙaro da ake tatsa daga wani tsiro a ƙasar Iran. Yana da ɗaci-ɗaci, kamar an karya ɗanyen kara an shinshina. A nan mutane da dama ke ajiye kwalbar su ce ba nasu ba ne, alhali sun yi gaggawa. Bayan kamar rabin sa'a ɗacin kan lafa, fure ya bayyana, sannan hodar ta taso. Hodar daga saiwar furen iris take, wadda ake haƙowa a shanya ta tsawon shekara uku ko fiye kafin ta ba da ƙamshi, shi ya sa take cikin mafi tsadar kayan haɗa turare a duniya. A ƙarƙashinsu kuma akwai saiwar wata ciyawa 'yar'uwar jema, wadda iyayenmu mata ke jefawa a randa, don haka Bahaushe zai ji wani abu da ya sani a ƙarshen ƙamshin.

To, wa ya dace da shi? A ganina, mace mai kamun kai wadda ba ta cika surutu a taro ba, amma idan ta buɗe fayil kowa ya gyara zama. Babu zaƙi a cikinsa, babu rarrashi. Darakta ko mataimakiya ta musamman da ke yini tsakanin ofishin minista da ɗakin taro za ta amfana da wani halinsa: ba ya cika ɗaki kamar oud, sai wanda ya matso ne zai ji shi sosai. Akwai maza ma da ke shafa shi, kuma bai yi musu baƙo ba.

Sai dai ba kowa zai yaba ba. A wurin da aka saba auna turare da nisan da yake kaiwa, wasu za su ce mai shi ba ta fesa komai ba, wasu su ce tana da girman kai. Wadda take son a tare ta a tambaye ta sunan turarenta, gara ta kai kuɗinta wani wuri, kuma ranar biki humra ta fi shi nesa ba kusa ba.

Ga wadda ɗacin ya yi wa yawa, kamfanin ya fitar da No. 19 Poudré a 2011, haɗin Jacques Polge, inda aka rage ganyen aka ƙara hoda da miski. Ya fi laushi, ya kuma fi saurin gushewa a zafin watan Maris. Kowanne za a saya, a gwada shi a wuyan hannu, ba a takarda ba, a je a yi wani uzuri a dawo kafin a biya.