Tuƙin Mota A Kan Ƙanƙara A Ƙasashen Sanyi

Mu nan ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda takan zubo tare da ruwan sama jefi-jefi, sai kuma ta firji da ake sanyaya ruwan sha. Amma a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha da Suwidin da Finlan, idan hunturu ya kama, hanyar mota kanta takan daskare har tsawon watanni. Duk da haka mutane suna zuwa aiki, yara suna zuwa makaranta, manyan motoci suna jigilar kaya. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda suke yi, domin wasunmu karatu ko neman abinci zai kai su can wata rana.

Da fari sai mu san inda haɗarin yake. Abin da ke riƙe mota a kan hanya shi ne kamun da taya ke yi wa kwalta, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Da wannan ɗan kamu ne mota ke tashi, da shi take shan kwana, da shi take tsayawa. Idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin santigired, ruwan da ke kan kwalta sai ya daskare, kamun ya ragu ƙwarai. Littafin dokokin hanya na Ingila ya nuna cewa motar da ke tafiyar mil 30 a awa tana bukatar kamar mita 23 kafin ta tsaya a busasshiyar hanya, ya kuma yi gargaɗi cewa a kan ƙanƙara nisan tsayawa yana iya ninkawa har sau goma. Watau ke nan fiye da tsawon filin ƙwallo biyu.

Mafi muni ita ce wadda suke kira baƙar ƙanƙara. Ba ta da kauri, kuma garau take kamar gilashi, saboda haka baƙin kwalta ake gani ta cikinta, direba ya zaci hanya jiƙewa kawai ta yi. An fi samun ta da asuba, da wuraren da inuwa ta rufe, da kuma kan gada. Gada kuwa ita ke fara daskarewa, domin iska mai sanyi tana bi ta samanta da ƙarƙashinta, ba ta da ɗumin ƙasa da zai taimake ta. Direban da ya ƙware yakan gane ya hau ƙanƙara idan ya ji ƙarar taya ta ɗauke, sitiyari kuma ya yi sakwa-sakwa a hannunsa. A ranar 11 ga Fabrairu, 2021, a birnin Fot Wot na jihar Teksas a Amurka, motoci fiye da 130 suka yi ta karo da juna a kan wata babbar hanya da ta daskare, mutum 6 suka rasu.

To, wace dabara suke yi? Ta farko shiri ne tun kafin a tashi. Robar taya ta yau da kullum takan yi tauri idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, sai kamunta ya ragu. Don haka ake yin tayar hunturu da roba mai laushi da zane mai zurfi, wata ma har da 'yan ƙusoshi. A Finlan aka fara ƙera irin wannan taya a 1934. Lardin Kwibek na Kanada ya wajabta ta tun 2008, kuma yanzu dole kowace ƙaramar mota ta sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Hukuma ita ma tana nata ƙoƙari, tana share dusar ƙanƙara, tana watsa gishiri don ya narkar da ita. Sai dai gishiri ba ya yin wani abin kirki idan sanyi ya wuce kamar digiri 10 ƙasa da sifiri, sai a koma ga yashi da tsakuwa. Shi kuma direba sai ya kankare gilasansa duka, ya share fitilu da rufin mota kafin ya kama hanya.

Dabara ta biyu ita ce yin komai a hankali. Ana tayar da mota da giya ta biyu, a saki kuloci sannu-sannu don kada taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Ana rage gudu tun kafin a isa kwana, ba a cikinta ba. Ana barin rata mai yawa tsakani da motar gaba. Dalilin rage gudu a fili yake ga wanda ya yi darasin kimiyya: idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka huɗu.

Idan kuwa mota ta fara zamewa, abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya danne birki da ƙarfi ya fizge sitiyari, wannan kuwa shi ke jefa mota cikin rami. Abin da ake koyarwa shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, idan bayan mota ya zame dama a karkata sitiyari dama a hankali, idan hagu ne hagu, ido kuma yana kan inda ake so a nufa. Motocin zamani suna da na'urar da ke hana taya cijewa, wadda kamfanin Mercedes-Benz ya fara sa wa motocinsa a 1978. Mai irin wannan mota sai ya taka birki ya riƙe, ko da ya ji yana karkarwa a ƙafarsa. Mai tsohuwar mota kuwa sai ya riƙa takawa yana saki. A Suwidin ba a ba mutum lasin sai ya yi horo a wani fili mai santsi da aka tanada musamman, ya ji da jikinsa yadda mota ke ƙwacewa.

Akwai kuma guzuri. Mai tafiya mai nisa yakan ɗauki bargo da shebur da tocila da ɗan abinci. Idan dusar ƙanƙara ta tsare shi, sai ya zauna cikin mota, amma kafin ya kunna inji don jin ɗumi lalle ya duba bututun hayaƙi. In ya toshe, hayaƙi mai guba wanda ba shi da wari zai cika motar, ya kashe na ciki suna barci.

Ni dai a ganina, duk waɗannan dokoki haƙuri suke koyarwa. Ƙarfin inji ba ya ƙara wa taya kamu, kuma mota mai jan ƙafa huɗu ta fi saurin tashi ne kawai, wajen tsayawa ba ta fi sauran ba. Ko a nan gida muna da ɗan misali: ruwan farko na damina yakan taso da man da ya zuba a kwalta, hanya ta yi santsi. Wanda ya saba rage gudu da barin rata a irin wannan rana ya riga ya koyi rabin darasin. Sauran rabin kuwa shi ne sanin ranar da ya fi kyau a ajiye mota a gida. Allah ya kiyaye hanya, amin.