Kacalla a Kogin Haɗeja: Ruwan Na Kowa Ne, To Wa Doka Ta Ɗora Wa Tsaronsa?

Duk wanda ya bi ta Guri ko Kirikasamma a Jihar Jigawa, ko ya gangara Nguru a Jihar Yobe, zai ga wata ciyawa koriya shar ta cika bakin ruwa iya ganinsa. Ta fi mutum tsawo, ganyenta dogaye, a samanta kuma ga kai mai ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero. Baƙo zai ce masha Allah, ƙasa ta yi albarka. Ɗan gari kuwa ya san abin da ke ƙarƙashinta: gonar shinkafar mahaifinsa ce, ko mashayar shanu, ko hanyar da kwalekwale ke bi zuwa kasuwa. Ita ce kacalla, kuma shekaru da dama ke nan tana cin fadamun Haɗeja da Nguru.

Mutane da yawa sun ɗauka annoba ce da ta sauko daga sama, sai dai addu'a da lauje. Addu'a kam ba ta da madadi, amma kacalla tana da dalili, kuma dalilin yana cikin yadda muke sarrafa ruwa. A da, kogin Haɗeja kogin damina ne. Yakan cika ya tumbatsa a watannin Agusta da Satumba, ya malale fadamu, ya kwashe yashi da laka ya yi gaba da su, sannan da rani ya janye, ƙasa ta bushe har ta tsattsage. Kacalla ba ta jure irin wannan doguwar bushewa, don haka ba ta wuce 'yan lunguna ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai lissafi ya canza. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, sannan aka riƙa sakin ruwa da rani saboda shan birnin Kano da noman rani na Kadawa da na kwarin Haɗeja. Ruwa ya zama yana kwance shekara zagaye, ba zurfi, ba gudu, ga takin zamani da yake kwasowa daga gonaki. Abin da kacalla ke nema ke nan. Ba ana cewa madatsun ba su da amfani ba ne. Tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa shaida ne. Amma wanda ke ƙasan kogi shi ya biya wani ɓangare na kuɗin, ba tare da an yi shawara da shi ba.

Idan kacalla ta kafu, sai ta riƙa gina wa kanta gida. Saiwarta na tafiya a ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsirrai, kai guda kuma yana ɗauke da 'ya'ya dubbai masu kaɗa da iska. Tana rage wa ruwa gudu, yashi ya zauna, hanya ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin tsayawa. A ƙasan garin Haɗeja kogin ya rabu gida-gida: ga Marma mai zuwa tafkin Nguru, ga Burum Gana, ga tsohon kogin da ke nufar Gashua. Da kacalla da yashi suka shaƙe waɗansu rassan, sai yawancin ruwan ya karkata ta Marma. Nan ne abin takaicin yake: ƙauyukan wannan ɓangare ruwa ya yi musu yawa har ya cinye gonaki, na wancan ɓangaren kuma suna kukan rashinsa. Kogi ɗaya, kuka biyu.

Ɓarnar ba ta tsaya a gona ba. Cikin kacalla jan-baki ke kwana yana hayayyafa, da asuba ya taso garke-garke ya sauka kan shinkafa da gero. Ka je gonar shinkafa lokacin da ta fara nuna, za ka tarar an ja igiyoyi an rataya gwangwanaye da ledoji, yara suna kan rumfa tun sassafe suna ja suna ihu har faɗuwar rana. Yaran nan a makaranta ya kamata su kasance. Ruwan da ya kwanta a gindinta kuma gidan sauro ne, gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ne, da wadda ke sa wa shanu ciwon hanta. Masunci ba ya samun wurin jefa koma, makiyayi ba ya samun mashaya sai ya ratsa gonar wani, daga nan kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Idan damina ta yi ƙarfi, kamar yadda aka gani a 2022, ruwan da bai sami hanya ba sai ya nemi ta cikin gari.

To me doka ta ce? Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta danƙa wa Gwamnatin Tarayya iko da duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, kuma kogin Haɗeja na ciki, tunda daga Kano ya taso, ya ratsa Jigawa, ya haɗu da na Jama'are a Yobe. Dokar ta bar wa talaka haƙƙinsa: kowa na iya ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi a wurin da jama'a ke da damar zuwa, kuma mai gona a bakin ruwa na iya ban-ruwan gonarsa. Abin da ta ce sai da lasisi shi ne tare ruwa, ko karkatar da shi, ko zuƙarsa da yawa don kasuwanci. Ya kamata kowa ya riƙe wannan bambanci. Babu mai ikon hana ka shayar da saniyarka a kogin jama'a, kai ma kuma ba ka da ikon datse reshen kogi don gonarka kaɗai ta sha.

Madatsun Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, mai hedikwata a Kano. Da ruwan ya shiga Yobe kuma, ya faɗa yankin wata hukumar, ta raya yankin Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Ƙasar da ke gefen ruwan tana hannun gwamnan jiha bisa Dokar Mallakar Filaye ta 1978. Kamun kifi a koguna da tafkuna, tsarin mulki bai sa shi cikin abubuwan da Tarayya ta keɓe wa kanta ba, don haka jihohi na da ta cewa a kai. Ga kuma hukumar NESREA mai tsaron muhalli, wadda ke da ƙa'idoji kan fadamu da gaɓar koguna tun 2009, da wasu kan tsirrai da dabbobi masu mamaya tun 2013. Tafkin Nguru da mashigar Marma ma suna cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000, su ne na farko a Nijeriya. Dokoki kam ba a rasa su ba. Masu hannu a ruwan ne suka yi yawa, kowa na jiran wani ya fara, kacalla kuwa ba ruwanta da iyakar jiha.

An taɓa gane haka. A 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun zauna a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kwarin kogin baki ɗaya. Tunani ne mai kyau, domin shi ne kaɗai ya dubi kogin daga tushe har ƙarshe, kuma ƙarshen nasa ya kai Difa a Jamhuriyar Nijar kafin ya zuba a Tafkin Chadi. Nijeriya da Nijar ma suna da yarjejeniyar rabon ruwa da suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990. A 'yan shekarun nan Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan haƙa masu shiga ruwa ana yashe kogi da su, kuma inda aka buɗe hanya mutane sun ga bambanci. Sai dai inji yana buɗe hanya ne kawai. Muddin ruwa zai ci gaba da kwanciya shekara zagaye, kacalla za ta dawo. A ganina, abin da ya fi inji muhimmanci shi ne a rubuta tsarin sakin ruwa daga Tiga da Challawa, a sanar da shi ga jama'a, a saki mai ƙarfi da damina don ya wanke hanya, a kuma bar wasu wurare su bushe da rani. Wannan aikin doka ne da hukuma, ba na lauje ba.

Amma mu ma da namu laifin, kuma gara a faɗa. Manomin da ya fasa gaɓar kogi ya ja ruwa zuwa gonarsa, ya gama noma ya tafi ya bar ɓarakar a buɗe, ya shuka kacalla ne ko bai sani ba, don ruwan zai malale ya kwanta a fili. Haka wanda ya tare mashiga da buhunan yashi. Masuntan da ke kafa dumba, wato jera gura daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna rage wa ruwa gudu, yashi ya taru a gindin shingen. Masu zuba guba a ruwa don kifi ya taso kuwa, Dokar Kamun Kifi ta 1992 ta haramta wannan ƙarara, kamar yadda ta haramta amfani da nakiya. Akwai kuma masu sayo maganin ciyawa su fesa wa kacalla a cikin ruwa ba tare da shawarar malamin gona ba. Ruwan nan shi mutanen ƙauyen gaba za su sha, shi shanu za su sha.

Ƙona kacalla ma ba magani ba ne. Wuta na cin ganye, saiwa na nan lafiya lau cikin laka, bayan 'yan makonni ta fito ta fi da kyau. Hanyar da ta fi aiki ita ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa. Kacalla ta cikin ganyenta take aika wa saiwa iska. Idan aka sare ta can ƙasa, ruwa ya rufe kututturen, sai saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Sai an maimaita idan ta sake leƙowa, a kuma kwashe abin da aka yanka a fitar da shi tudu, a yi aikin kafin kan ya nuna ya fara watsa 'ya'ya. Aiki ne mai wuya: mutum yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, yana laluben gindinta da lauje, ga matsattsaku, ga ƙaiƙayi. Shi ya sa sai da gayya, kuma gayyar ƙauye ɗaya ba ta isa idan na sama da na ƙasa suna zaune. Abin da aka yanka ba asara ba ne. Ana saƙa tabarma da shi, ana jinka. A Senegal da Muritaniya, inda madatsar Diama ta jawo musu irin wannan matsala bayan 1986, ana yin gawayin girki da ita.

Akwai wata baƙuwar da ya kamata mu sa wa ido tun kafin ta yi ƙarfi a ruwayenmu. Tana yawo a saman ruwa kamar kainuwa, amma ganyenta mai sheƙi ne, gindinsa a kumbure, furenta shuɗi-shuɗi mai ban sha'awa. Asalinta Kudancin Amurka ne. Ta shigo Nijeriya ta Badagry a 1984, ta kai tafkin Kainji, kuma mutanen Yamai sun san ta a kogin Kwara. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta, kuma kyan furenta ne ke sa mutane ɗaukarta su kai gida. A nan wasu ƙasashe sun riga mu. Sudan ta yi mata doka ta musamman tun 1960, bayan ta mamaye Farin Nilu. A Amurka jihohi ne ke riƙe da wannan aiki: a Florida laifi ne mutum ya ajiye ta ba izini, a Minnesota kuma doka ta hana a hau titi da jirgin ruwa alhali ciyawar ruwa na manne da shi, sai an tsabtace shi an tsiyaye ruwan cikinsa. Doka ce da kowane mai jirgi ya san ta, ga jami'ai a bakin tafki suna dubawa. Irin wannan gajeriyar doka, wadda sarkin ruwa zai iya karanta wa mutanensa da Hausa ko Barbarci ko Badanci, majalisun jihohinmu na da ikon yin ta.

Kafin a kai ga haka, masunci ko mai kwalekwalen da zai tashi daga wani ruwa zuwa wani ya wanke jirginsa, ya kakkaɓe komarsa ya shanya ta bushe. Kada a ɗauko tsiron ruwa daga tafiya don ado, kada a jefa shi a tafki ko kududdufin gari. Wanda ya ga an fasa gaɓa ko an datse mashiga ya sanar da mai unguwa ko bulama, maganar ta kai ga hakimi da sashen noma na ƙaramar hukuma, kuma a rubuta ta a takarda a ajiye kwafi, don maganar baki saurin ɓata gare ta. Ƙungiyoyin manoma da masunta da makiyaya na yankin su haɗa kai su tambayi 'yan majalisarsu nawa aka ware wa yashe kogi a kasafin bana, wace mashiga za a fara buɗewa, kuma yaushe za a saki ruwa daga Tiga. Ku yi tambayar tun da rani, lokacin da ruwa ya ja baya kuma ana iya shiga a yi aikin.